Kunnena na kuka tun da aka harba bindiga a shago

Ɗan Ader, Tawa: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ranar Lahadi kawuna ya gyara bindigar farauta mai lamba 12, ya gwada ta cikin shagonmu mai rufin kwano, ƙofa a rufe, ina tsaye kusa da shi. Yau kwana uku ke nan kunnena na dama na kuka kamar gyare, kuma in ana magana sai in ji kamar daga cikin rijiya. Inna ta ce a ɗiga man tafarnuwa. Ni tela ne, da kunne nake gane in keke ya samu matsala, shi ya sa hankalina ya tashi. Zai warke da kansa?

Majo, Yamai: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka ɗiga komai. In dodon kunne ya fashe, mai ko ruwa zai shiga ciki ya jawo ruwan kunne. Shi dodon yakan haɗe cikin makonni. Abin tsoro yana can ciki: akwai ƙananan gasu masu ɗaukar sauti, in suka mutu ba sa sake tsirowa. Ƙarar harbi takan wuce desibel 150 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), alhali daga 140 harbi guda ya isa ya yi ɓarna, ga bango da kwano na maido maka ƙarar. Ka je wajen likitan ORL, wato likitan kunne, hanci da maƙogwaro, gobe, a duba, a yi maka odiyogaram, wato gwajin ji. Akwai maganin da ake bayarwa, amma a kwanakin farko ya fi aiki. Ka faɗa masa in kana shan kinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, don shi ma yana sa kukan kunne.

Tsohon Soja: Yaro, ji maganar Majo. Mu da muke ƙuruciya auduga muke cusawa, wani lokaci ko ita babu, kuma auduga ba ta tare komai. Da hannun dama nake harbi, amma kunnen hagu ne ya mutu, don shi ke fuskantar bakin bindiga. Yanzu muryar jikokina ce ke kuɓuce mini, siririyar murya ita ke fara tafiya. A masallaci sai na zauna sahun gaba. Ka ce wa kawunka ya nemi abin toshe kunne na soso, ya ɗora babban mai rufe kunne a kai, kuma ya daina gwaji cikin ɗaki.

Ɗan Ader: Na gode Baba, na gode Majo. Na hana Inna man. Da asuba zan tafi asibiti, kuma da kawu za mu je, don jiya sai da na kira shi sau uku kafin ya waiwayo.