Filin jirgin Kaduna: a ƙara masa girma, ko a fara nemo masa masu hawa?

Alhaji na Kawo: Salamu alaikum jama'a. Jiya a majalisa bayan isha'i wani yaro ya dage wai lokaci ya yi da za a faɗaɗa filin jirgin saman Kaduna, a ƙara zauren fasinjoji da wurin ajiye jirage har ya yi kafaɗa da na Abuja. Na ce masa wannan zuba ruwa ne a rariya. Abuja na kudu da mu, na Malam Aminu Kano na arewa. Wa zai hau?

Injiniya: Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Da wuri haka aka manta 2017? Ran 8 ga Maris aka rufe filin Nnamdi Azikiwe da ke Abuja na mako shida don gyaran titin saukar jirage, aka juyo da zirga-zirgar zuwa nan Kaduna. Ba don Kaduna ba, da babban birnin ƙasa ya zauna ba ƙofar sama. Wanda ya rufa maka asiri ranar tsanani ai ba ka bar shi da tsohuwar riga ba.

Maman Khalifa: Wallahi na tuna. Maigidana tasi yake ja lokacin, kafin asuba ya fita Mando, sai tsakar dare ya dawo, aljihu cike da canji har ina taya shi ƙirga a kan tabarma. A makonnin nan muka sauya kwanon ɗaki.

Alhaji na Kawo: To Hajiya, bayan mako shidan fa? An buɗe Abuja a Afrilu, kowa ya kama gabansa. Kuma Injiniya bai faɗi ɗaya rabin ba: manyan kamfanonin Turai irin su British Airways da Lufthansa ƙin zuwa suka yi, Ethiopian Airlines ne ya amsa kira. Ba ƙanƙantar zaure ta hana su ba. Hanyar da za a bi da fasinja zuwa Abuja suka duba.

Maman Khalifa: Wannan kam gaskiya ne, kasuwar ba ta daɗe ba.

Ɗan Rigasa: Baba Alhaji ya taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Tun da jirgin ƙasa ya fara aiki a 2016, mai zuwa Legas ko Jidda sai ya hau a nan Rigasa, ya sauka Abuja, ya zaɓi jirgin da ya ga dama. Ni kaina na taɓa sayen tikiti daga Kaduna, wani kamfani ya soke tashin ina zaune da jakata, wai sai gobe. Tun ranar na koma bin Abuja. Kamfani ba ya zuwa don ba fasinja, fasinja ba ya zuwa don ba jirgi, siminti ba zai warware wannan ba.

Injiniya: Ɗan'uwa, jirgin ƙasan nan da kake taƙama da shi, 28 ga Maris 2022 aka kai masa hari, bai dawo aiki ba sai Disamba. A watannin nan ta ina ka bi?

Ɗan Rigasa: Kwana biyu kafin wannan ai filin jirgin saman 'yan bindiga suka fara shiga, har aka kashe mai gadi, jirage suka janye. Duk kanwar ja ce. A katange wurin da kyau, a tsare dajin da ke bayansa, sannan a zo mu yi zancen sabon gini.

Malama Ladi: Ku duka maganar masu akwati kuke yi. Ni daga Kachia nake, citta muke nomawa, mu da Jaba da Kagarko. Buhunanmu tirela ke jan su har Legas, kwana da kwanaki. Idan za a faɗaɗa, a yi ɓangaren kaya, da ɗakin sanyi da ma'auni da jami'an tantancewa.

Alhaji na Kawo: 'Yata, busasshiyar citta nauyi gare ta kuma ba ta ruɓewa da wuri, kuɗin jirgin sama zai cinye ribar. Hanyarta tashar tsandauri ta Kakuri, wato tashar tantance kayan fita da shigowa ƙasa, da aka buɗe a 2018. Da ɗanyen barkono ko nama kika ce, sai in saurara.

Malama Ladi: To Baba, ɗanyar fa? Ita ma tana da masu so a waje.

Manomin Igabi: Ina ta karantawa ban ce uffan ba. Duk faɗin da za a ƙara, a gonar wani zai sauka, kuma gonakin namu ne. Filin na gwamnatin tarayya ne, hukumar filayen jiragen sama ta ƙasa, FAAN, ke riƙe da shi, ƙasa kuwa a hannun gwamna take. Wa zai biya diyya a cikinsu, kuma kafin a shigo da katafila ko bayan?

Injiniya: Kawu, bisa doka wanda ya karɓi ƙasa don amfanin jama'a sai ya biya kuɗin amfanin gona da gini.

Manomin Igabi: Na masarar bana kenan. Ta baɗi fa?

Alhaji na Kawo: An kira magariba. Injiniya, ka zo majalisa gobe da amsar Kawu, shayi a wuyana.