Neman kalma: me za mu kira "launch" na masu ƙera manhaja?

Jama'a, a taimaka mini. Ina rubutu kan yadda masu ƙera manhaja ke fito da sabon aikinsu gaban abokan sana'arsu a intanet, sai kalmar "launch" ta tsaya mini a maƙoshi. Kwana biyu ke nan ina juya ta.

Wadda ta fara zuwa bakina ita ce "ƙaddamarwa". Ba laifi, ita 'yan jarida suka saba da ita. Sai dai tana da nauyi, da ka ji ta sai ka hango dandamali da jawabai da manyan baƙi. Ta dace da ranar 9 ga Janairun 2007, lokacin da Steve Jobs ya tsaya gaban taro ya ɗaga iPhone. Amma mutum ɗaya da ya raba dare yana haɗa ɗan kayan aiki, ya ɗora a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ya ce "ku gwada ku gaya mini inda ya karye"? Wannan rigar ta yi masa yawa.

"Harbawa" kuwa mu bar wa roka da tauraron ɗan'adam.

Wani malami ya ce mini, "Ka ce saki mana, ai kowa na cewa an saki sabuwar waƙa." Allah ya gafarta Malam, na karɓi saki, amma ba a wannan gurbin ba. Saki shi ne ka buɗe ƙofa kowa ya iya sauke manhajar ya yi amfani da ita. Abin da nake nema kuwa shi ne ranar da ka kira mutane su zo su gani, kuma sau da yawa ranakun biyu ba sa haɗuwa. Drew Houston ya nuna bidiyon Dropbox, manhajarsa ta ajiye fayil a intanet, a dandalin masu fasaha na Hacker News cikin Afrilun 2007, amma sai Satumban 2008 aka buɗe wa kowa da kowa. Linus Torvalds ya sanar da aikin da ya zama Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ranar 25 ga Agustan 1991, yana cewa abin sha'awa ne kawai yake yi, sigar farko ba ta fito ba sai watan Satumba. Idan muka kira duka biyun saki, ta yaya za mu ba da waɗannan labarai ba tare da mun ruɗa mai karatu ba?

Ga tawa shawarar: baje koli.

Ku dubi yadda abin ke gudana a Product Hunt, shafin nuna sabbin manhajoji wanda Ryan Hoover ya kafa a 2013. Ranar tana farawa ne da sha biyun dare agogon Kalifoniya. Mai manhaja zai jera hotuna da ɗan bidiyo da bayani gajere, kusa da shi wasu ma sun jera nasu, masu wucewa suna leƙawa suna ba da ƙuri'a, shi kuma yana zaune yana amsa tambayoyi har ranar ta ƙare. Wani ya yaba, wani ya kushe, wani ya wuce ko kallo bai yi ba. In wannan ba baje koli ba ne, to mene ne? Har kalmar koli ta yi mini daidai, domin yawancin abin da ake kawowa ƙananan kaya ne masu amfani, ba katafaren aikin kamfani ba.

Wata 'yar'uwa ta kawo suka mai ƙarfi: ɗan koli ciniki ya fito yi, alhali da yawan kayan aikin masu rubuta manhaja kyauta ne, lambobin da aka rubuta su da su ma a buɗe suke ga kowa. Gaskiyarki, Yaya. Amma mun daɗe muna cewa wane ya baje kolin basirarsa, ba kuma wanda ya taɓa tambayar nawa ne.

Ga yadda na gwada a jimla: "Mun saki sigar gwaji tun watan jiya, ranar Talata za mu baje kolinta." Ni dai kunnena bai yi tuntuɓe ba.

Inda har yanzu nake kokawa shi ne "maker", sunan da ake kiran mai haɗa manhajar da Turanci. "Maƙeri" na so, amma kunne na jin guduma da uwar maƙera. "Mai ƙera manhaja" kuma ta yi tsawo a kanun labari. Wa ke da gajeriya?