County a Hausa: gunduma ce ko ƙaramar hukuma?

Jama'a, assalamu alaikum. Duk lokacin zaɓen Amurka sai kalmar county ta cika labarai, kowa kuma da yadda yake fassara ta. Wani ya ce ƙaramar hukuma, wani ya ce lardi, wani ya ce yanki ya wuce abinsa. Ni dai gunduma nake goyon baya, kuma ina so mu gwada kalmomin a kan wuri guda na gaske mu ga wadda za ta ɗauki kayan.

Wurin shi ne Loving, wata county a yammacin jihar Teksas. Daga arewa tana iyaka da jihar New Mexico, kogin Pecos kuma ya raba ta da maƙwabciyarta Reeves. Faɗin ƙasarta ya haura murabba'in kilomita 1,700, amma ƙidayar 2020 mutum 64 ta samu a cikinta. A 2010 su 82 ne, a 2000 kuma 67. Busasshiyar ƙasa ce mai ƙaya da ƙarancin ruwan sama, ruwan rijiyoyinta ma zartsi ne, har mazauna sun daɗe suna ɗauko ruwan sha a mota daga garuruwan maƙwabta. Gari ɗaya gare ta, Mentone, nan ne ginin kotu yake. Makarantarta an rufe tun 1972, yaran wurin garin Wink suke zuwa karatu. Arzikinta a ƙarƙashin ƙasa yake, don tana cikin yankin man fetur na Permian, shi ya sa manyan motoci ke kai da kawo a kan titinta dare da rana alhali mazaunanta na dindindin ba su cika ɗari ba.

Lardi dai ya faɗi tun a nan. Mu da muka san Lardin Kano da Lardin Sakkwato da Lardin Zazzau mun san lardi babban abu ne, irin wanda daga baya aka fitar da jihohi daga cikinsa. Teksas kaɗai tana da county 254. Yanki kuwa ba ya nuna iyaka ko mulki, arewa maso yamma ma yanki ce.

Saura biyu ke nan, kuma a nan nake so mu ɗan zauna.

Wani malami da muke wannan muhawara da shi ya ce ƙaramar hukuma ta fi, tunda ita ce matakin da ke ƙasa da jiha, kuma duk ɗan Najeriya ya san ƙananan hukumomi 774. Malam, Allah ya gafarta, hujjarka tana da ƙarfi, kuma mai sauraron rediyo zai gane nan take. Amma dubi tarihin Loving. Majalisar Teksas ta shata ta a 1887, ta sa mata sunan Oliver Loving, wani fataken shanu da mayaƙan ƙabilar Comanche suka raunata a bakin kogin Pecos a 1867, raunin kuma ya zama ajalinsa. An shata iyaka, an raɗa suna, amma ba a kafa hukuma ba, don ƙidayar 1890 mutum 3 ta tarar. A 1893 wasu masu kamfanin noman rani suka kai takardar neman kafa hukuma da sunayen masu zaɓe da babu su, aka kafa, ba a daɗe ba shugabannin suka watse. A 1897 majalisa ta rushe hukumar, ta danƙa harkokin wurin a hannun Reeves. Sai da aka haƙo mai a shekarun 1920 mutane suka taru, sannan aka sake kafa ta a 1931.

To, tsakanin 1897 da 1931 Loving tana nan a taswira da sunanta da iyakokinta, ana ƙidayar mutanenta, amma babu hukuma ko ƙarama ko babba. Idan muka fassara da ƙaramar hukuma, dole mu rubuta cewa ƙaramar hukumar Loving ta shekara 34 ba ta da hukuma. Wannan magana ba ta zauna ba. Idan muka ce gundumar Loving ta shekara 34 ba ta da hukumar kanta, ko yaro ya gane. County sunan ƙasar ne da aka yanka, hukuma kuwa masu riƙe da ita ne.

Akwai kuma wani cikas. A Amurka birane da garuruwa da yawa suna da tasu hukumar da magajin gari, a cikin county ɗin. Gundumar Los Angeles, mai mutum kusan miliyan 10, tana da birane 88 a cikinta, kowanne da majalisarsa. Idan mun ba county sunan ƙaramar hukuma, me za mu kira waɗancan? Su ma ai ƙananan hukumomi ne.

Sai ƙorafi na biyu, wanda ya fi damuna. An ce gunduma ƙasar hakimi ce, da an ambace ta sai a tuna rawani da fada da dagatai, su kuwa can zaɓe suke yi. Gaskiya ne. Sai dai ita kanta kalmar county daga sarauta ta fito. Asalinta Faransanci ne, tana nufin ƙasar da ke hannun basaraken da ake kira count, Normawa na arewacin Faransa ne suka shigar da ita Ingila bayan 1066, daga can ta haye Amurka. Sarautar ta tsaya a baya, sunan ƙasar ya ci gaba da aiki. Abin da ya yiwu ga tasu kalmar zai yiwu ga tamu, musamman da yake mun riga mun saba faɗin gunduma a wuraren da babu hakimi, kamar birnin Washington da ake ce wa Gundumar Kolambiya.

Wasu matasa sun ce mu ari kalmar kawai mu rubuta kawunti. Ba na ƙin aro, da shi muka samu kotu da gwamna da hedikwata. Amma aro na wanda ba shi da nasa ne, kuma kawunti ba ta gaya wa tsohuwa mai sauraron labarai komai. Ga shi ma a Luwiziyana parish suke cewa, a Alaska borough, gunduma kuwa ta rufe su duka.

Idan mun amince, ga 'yan rakiyarta. Garin da kotu take, kamar Mentone, hedikwatar gunduma. Wanda Teksas ke kira county judge yana jagorantar kwamishinoni huɗu ne, yawancin aikinsa kasafi da hanyoyi, don haka shugaban gunduma ya fi dacewa da shi a kan alƙali. Shi kuwa sheriff, don Allah kada mu rubuta sharif, mai karatu zai zaci Sharifi ake nufi. Mu ce shugaban 'yan sandan gunduma, mu ƙara da cewa zaɓarsa ake yi.

'Yan'uwanmu na Nijar, ku kuma muna so mu ji daga gare ku: a labaranku na Hausa, wace kalma kuke ba département, wacce kuma kuke ba commune? Idan gunduma ta riga ta zauna a kan département a Maraɗi da Damagaram, to magana ta zo da sauƙi.