Karayar kwatangwalo ga tsofaffi: yaya yawanta yake a Najeriya?

Maman Sadiya, Ƙofar Sauri:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana lafiya da ke cikin wannan zaure. Na ji ana cewa karayar kwatangwalo da raunin ƙashi ke jawowa matsalar Turai ce, baƙar fata ba su cika samunta ba saboda ƙarfin ƙashinsu. Amma a unguwarmu na san dattijai mata da santsin banɗaki kawai ya kayar, kuma ba su sake takawa ba. Shin akwai ƙididdigar yawan masu wannan karaya a ƙasar nan, kuma gaskiya ne ba ta da yawa a cikinmu?

Likitan Ƙashi, Katsina:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Maganar da kika ji tana da tushe, amma an yi mata faɗaɗawar da ta wuce hujjarta.

Ana ƙidaya wannan karaya ne ta hanyar tattara duk waɗanda suka same ta a shekara guda, a auna su da yawan mutanen da suka haura shekara 50 a yankin. Da wannan ma'auni Denmak da Norwe da Suwidin ke kan gaba a duniya, kuma tazarar da ke tsakanin ƙasashen da ke sama da na ƙasa ta haura ninki goma. A Amurka kusan tsofaffi 300,000 ake kwantarwa a asibiti kowace shekara saboda ita, fiye da kashi 95 cikin 100 kuwa faɗuwa ce sanadi. An ƙiyasta cewa a 1990 an samu kimanin miliyan 1.66 a duniya, kuma adadin zai iya wuce miliyan 6 a 2050.

Najeriya takan fito a sahun ƙasa, sai dai adadin da ake jingina mata ya samo asali ne daga wani bincike da aka yi a Ibadan aka wallafa a 1991, wato gari ɗaya, fiye da shekara 30 da suka wuce. Birtaniya tana da rajistar ƙasa ta wannan karaya tun 2007, mu kuwa ba mu da irinta, ga shi ƙidayar jama'a ta ƙarshe a 2006 aka yi ta. Sannan littafin asibiti wanda ya zo asibiti kaɗai yake rubutawa. Tsohuwar da ta faɗi a wani ƙauye na Batsari ko Mai'aduwa aka kira mata mai ɗori, ta yi watanni a kwance har rai ya yi halinsa, ba ta shiga lissafin kowa ba, kuma iyalanta tsufa za su ce ya ɗauke ta. A Afirka ta Kudu ma an daɗe ana riƙe da ƙaramin adadi, amma da aka sake ƙidayawa da kyau a 2017 zuwa 2018 sai aka tarar ya zarce na da nesa ba kusa ba. Ina da yaƙinin mu ma haka za mu gani ranar da aka ƙidaya.

Ɗan Daura:
Likita, Allah Ya ƙara basira. Sai dai ina ganin bai kamata a ɗora wa masu ɗori laifi ba, domin a nan Daura akwai gidajen da suka gaji sana'ar kaka da kakanni, kuma mun ga karayar hannu da ta ƙafa da suka ɗora ta warke sarai. Talaka kuma yana duba kuɗin tiyata ne kafin komai.

Likitan Ƙashi, Katsina:
Malam, batun kuɗi gaskiya ne, kuma shi ne ya fi damuna. Amma wannan karaya daban take da ta hannu. Wuyan ƙashin cinya a binne yake cikin tsoka, karan ɗori ba ya iya riƙe shi, kuma idan ya karye jijiyoyin da ke kai wa kan ƙashin jini sukan yanke, sai kan ya mutu. Doguwar kwanciyar ce ke kawo gyambon baya da ciwon huhu da daskarewar jini a ƙafa, shi ya sa kusan mutum ɗaya cikin biyar ke rasuwa cikin shekarar farko. A Birtaniya ƙa'ida ita ce a yi aikin ranar da aka kwantar da mutum ko washegari. Duk tsohon da ya faɗi ya kasa tsayuwa, musamman idan ƙafar ta gajarce ta karkata waje, a kai shi a ɗauki hoton ƙashi a ranar, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Malamar Jinya, Funtuwa:
Hajiya, kusan kashi uku cikin huɗu na masu wannan karaya mata ne, domin ƙashin mace yana saurin rarakewa bayan ɗaukewar al'ada. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha ka fashe, waɗanda galibi akwai maganin dexamethasone a cikinsu, da kuma ɗan'uwansa maganin prednisolone da tsofaffi ke saye a kemis su yi shekaru suna sha don ciwon gaɓoɓi, domin dukansu suna cinye ƙashi. A riƙa ba iyayenmu nono da miyar kuka da zogale da ƙananan kifi, su riƙa fitowa hantsi suna tattaki, a duba musu yanar ido, a sa fitila a hanyar banɗaki saboda alwalar asuba, a kuma kankare gansakukar da ke makwararar ruwa tun kafin damina ta kankama.