Muhawara: dabarar Fangio ce ta durƙusar da Mahomes, ko ƙarfin yaransa?

Mai Gabatarwa: Assalamu alaikum. Maganar da Malamin Lissafi ya yi jiya ce ta jawo wannan zama. Ya ce a Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka ta NFL, da aka buga a Niyu Olins ranar 9 ga Fabrairun 2025, inda Eagles ta Filadalfiya ta lallasa Chiefs ta Kansas Siti da maki 40 da 22, ƙwaƙwalwar kocin tsaron Eagles Vic Fangio ce ta ci wasan, kuma da wasu 'yan wasan aka ba shi da sakamakon bai canza sosai ba. Da yawanmu ba mu gamsu ba. Malam, bismillah, ka fara kāre maganarka.

Malamin Lissafi: Wa alaikumus salam. Ina nan kan bakana, kuma hujjata ta farko ita ce abin da Fangio ya ƙi yi a daren. Mai tsaro yana da mutum goma sha ɗaya a fili. Idan yana son ya matsa wa mai jifa lamba, hanya mafi sauƙi ita ce ya tura mutum biyar ko shida su afka masa, sai dai duk wanda ya tura gaba ya bar gurbinsa a baya, kuma Patrick Mahomes, mai jifan ƙwallo na Chiefs, ya yi suna wajen gano irin wannan gurbi kafin a iso gare shi. Fangio bai tura ƙarin mutum ko sau ɗaya ba tun daga farkon wasa har ƙarshensa. Mutum huɗu ya bari su yi farautar Mahomes, bakwai kuma suka tsare baya, biyu daga cikinsu suna can nesa don kada a jefa doguwar ƙwallo ta bisa kansu. Kafin a ɗaga ƙwallo tsayuwarsu kusan iri ɗaya ce kullum, sai bayan an ɗaga kowa ya zame zuwa yankinsa, saboda haka abin da Mahomes ya karanta da farko ba lalle ne shi zai tarar ba. Wannan ɗan jinkirin da yake yi yana neman wanda zai jefa wa, shi ne ya ba 'yan gaba damar isa gare shi. An kayar da shi da ƙwallo a hannu sau shida, abin da ba a taɓa yi masa ba a wasa guda. Yadi 23 kacal Chiefs ta samu kafin a tafi hutun rabin lokaci, kuma sai da ci ya kai 34 da nema kafin ta sami makinta na farko. Wannan aikin tsari ne.

Tsohon Soja: Malam, da girmanka, ka kawo hujjar da ta fi ƙarfafa nawa ɓangaren. Me ya ba Fangio damar naɗe hannu ya ƙi tura ƙarin mutane? Ai don ya ga huɗunsa suna cin galaba a kan biyar na Chiefs ne. Duk kocin tsaro a Amurka yana mafarkin ya matsa lamba da mutum huɗu ya ajiye bakwai a baya. Babu wani sirri a ciki, samun huɗun ne wuya. Josh Sweat ya kayar da Mahomes sau biyu da rabi, Milton Williams sau biyu har da wanda ya fizge ƙwallon daga hannunsa, Jordan Davis sau ɗaya, ga Jalen Carter wanda sau da yawa sai an haɗa masa mutum biyu, abin da ke barin sauran da mutum ɗai-ɗai. Sannan a dubi katangar da ke kāre Mahomes. Chiefs ta shafe kakar tana neman wanda zai riƙe mata gefen hagu, ta gwada wannan ta gwada wancan, daga ƙarshe ta ɗauko Joe Thuney daga gurbinsa na ciki, inda yake gwani, ta kai shi gefe. Ta toshe rami ɗaya ta buɗe biyu ke nan.

Kuma idan tsarin ne ke da sihirin, ina ya kai almajiran Fangio? Brandon Staley ya yi amfani da shi a Rams a 2020 tsaronsu ya zama na ɗaya, amma a lokacin yana da Aaron Donald da Jalen Ramsey. Da ya koma Chargers a matsayin babban koci, tsaron bai taɓa zama abin a zo a gani ba, har aka sallame shi a Disambar 2023 bayan Raiders ta zura musu maki 63. Ed Donatell, wanda ya daɗe yana aiki ƙarƙashin Fangio, ya kai tsarin Vikings a 2022, kaka ɗaya ya yi aka kore shi.

'Yar Filadalfiya: Yallaɓai, ba sai an je nesa ba, a gidanmu ma an gani. A 2023 kocin tsaronmu Sean Desai ne, shi ma almajirin Fangio ne tun zamansu a Shikago. Mun ci wasa goma cikin goma sha ɗaya na farko, daga nan komai ya wargaje: aka karɓe ragamar daga hannun Desai aka ba Matt Patricia ana tsakiyar kaka, muka ƙare da nasara 11 da rashin nasara 6, Tampa Bay kuma ta fitar da mu da ci 32 da 9. Carter da Davis da Sweat da Williams duk suna cikin waccan tawagar. To a nan ne nake ganin maganarka ma tana da gurgunta, domin 'yan gaban kusan su ne dai ba su canza ba, amma sakamakon ya bambanta kamar dare da rana. Haka kuma a kakar 2022 mun kayar da masu jifa sau 70, amma da muka haɗu da Mahomes a Arizona a Fabrairun 2023 ko sau ɗaya ba mu kayar da shi ba, aka ci mu 38 da 35. An yi ta kukan santsin filin, kuma gaskiya yana da santsi, amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda 'yan bayanmu suka ruɗe har sau biyu a bakin layin ci, mai karɓar ƙwallo ya yi kamar zai ratsa ciki ya juyo waje, ya tsaya shi kaɗai babu kowa kusa da shi.

Malamin Lissafi: Madalla, Hajiya, kin rage mini aiki. Bari in ƙara da sunan mutum ɗaya, Zack Baun. Shekara huɗu ya yi a Saints, galibi yana zaman jira ko yana buga wasannin bugun ƙwallo da ƙafa, kuma Eagles ta ɗauke shi a kwantiragin shekara ɗaya da niyyar ya riƙa taimakawa wajen farautar mai jifa daga gefe. Fangio ya kalli faifansa ya ce a tsakiya zai tsaya, bayan 'yan gaba. Kafin kakar ta ƙare an zaɓe shi cikin gwanayen gasar baki ɗaya a wannan gurbin. Idan 'yan wasa ne komai, me ya sa wannan ɗan wasan bai zama komai ba sai da ya faɗa hannun wannan kocin?

Tsohon Soja: Na yarda da batun Baun, kuma ba zan yi gardama a kan abin da ido ya gani ba. Amma gane gurbin da ya dace da mutum aikin sanin mutane ne, ba zanen allo ba. Kai da farko cewa ka yi ko wa aka ba shi zai yi.

Malamin Lissafi: Na ce sakamakon ba zai canza sosai ba, kuma sanya mutum a inda ya dace ai yana cikin tsari.

Dattijon Zaure: Ku yi haƙuri in sa baki, 'ya'yana. Na kalli wasan nan daga ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare har gab da asuba, ina ƙudundune cikin bargo saboda sanyi, kuma na sake kallonsa daga baya a natse. Akwai abu na uku da kuke tsallakewa, wato aiwatarwa. Tsarin Fangio ba tsaron yanki ba ne zalla inda kowa zai je ya tsaya a wurinsa kamar turke. Kowane ɗan baya yana karanta hanyar da masu karɓar ƙwallo suka bi, idan wannan ya ratsa ciki ya miƙa shi ga na kusa da shi, shi kuma ya ɗauki wanda ya shigo nasa ɓangaren. Mutum ɗaya ya yi jinkirin daƙiƙa guda ko ya fahimci kiran a karkace, an sami ɓaraka. Abin da ya kashe tawagar 2023 ke nan, kuma shi ya sa ko a ƙarƙashin Fangio kansa ba a fara da daɗi ba: wasa biyu suka ci cikin huɗu na farko a 2024, Atlanta ta ƙwace musu wasa a mintin ƙarshe, Tampa Bay kuma ta ci su 33 da 16. Tsarin yana nan, mutanen suna nan, amma hannu bai faɗa ba tukuna. Sai bayan makon hutunsu, da aka shigar da Cooper DeJean ya riƙe gurbin mai tsaron ciki, sabon ɗan wasa Quinyon Mitchell kuma ya zauna daram a gefe, sannan abin ya kankama, suka ƙare da nasara 14.

Ku tuna yadda DeJean ya ci makinsa. An kayar da Mahomes sau biyu a jere, ya rage masa yadi 16 a yunƙuri na uku cikin huɗun da ake ba tawaga don ta ci gaba da riƙe ƙwallo. Ya fice ta dama yana gudu, ya hango mai karɓar ƙwallonsa DeAndre Hopkins yana ratsowa, ya jefa. DeJean, wanda ba shi da kowa a yankinsa a wannan lokacin, bai tsaya gadin ciyawa ba. Idonsa na kan Mahomes, ya zamo a hankali ya shiga gaban Hopkins, ya cafke ƙwallon ya ruga yadi 38 har layin ci, a ranar da ya cika shekara 22 da haihuwa. To wa za a ba wannan? Kocin ne ya ajiye shi a wurin, 'yan gaba ne suka kori Mahomes daga inda yake jin daɗin tsayuwa, yaron kuma shi ya karanta ya yanke shawara. Cafkewa ta biyu ma haka: Sweat ya tura Thuney baya har ya ci karo da Mahomes yana cikin jifa, ƙwallon ta tafi a karkace, Baun ya yi tsalle ya kama ta kafin ta taɓa ƙasa.

'Yar Filadalfiya: Baba, a ƙara da cewa ci da ya yi nisa da wuri ya sauƙaƙa wa tsaron aiki. Raunin ajiye mutum biyu can baya shi ne kusa da layin fafatawa mutane sun yi ƙaranci, don haka maganinsa a ruga da ƙwallo a ƙasa har sai an tilasta wa ɗayansu ya sauko. Chiefs da ƙyar ta gwada hakan tun ma kafin a yi mata nisa, bayan ta koma baya da maki 17 kuwa sai jifa kawai, 'yan gabanmu suka daina tunanin komai sai Mahomes. Ni a wurina wannan laifin babban kocin Chiefs Andy Reid ne, ba gwanintar kowa ba, musamman da yake an taɓa yi musu irin wannan a Fabrairun 2021, lokacin da Tampa Bay, wadda Todd Bowles ke jagorantar tsaronta, ta ci su 31 da 9 da mutum biyu a baya, su kuma ba su da manyan masu kāre gefunansu biyu saboda rauni.

Tsohon Soja: Wannan misalin ma nawa ne, Hajiya: koci daban, littafin dabaru daban, amma katangar Mahomes ta rushe, sakamako ɗaya. Kuma kasuwa ta faɗi nata ra'ayin bayan wata ɗaya, domin Patriots ta ba Milton Williams kwantiragin shekara huɗu na dala miliyan 104, Cardinals kuma ta ɗauke Sweat. Masu kuɗin sun san abin da suka gani. Idan kuma Malam yana son wasan da zai gwada maganarsa da gaske, ya koma makonni uku kafin Super Bowl, wasan Rams cikin dusar ƙanƙara a Filadalfiya. Ana 28 da 22, mai jifan Rams Matthew Stafford ya keta wannan tsarin da ake yabo ya kawo ƙwallo har yadi 13 daga layin ci, saura kusan minti ɗaya. Carter ne ya ratsa tsakiya ya kayar da shi a yunƙuri na uku, ya sake afka masa a na huɗu har ya jefa ƙwallon waje. Da Carter bai ci mutumin da ke gabansa ba a waɗannan yunƙuri biyu, da wataƙila babu Niyu Olins balle mu zauna muna wannan magana.

Malamin Lissafi: Zan janye rabin maganata a gaban Baba: ba kowane 'yan wasa za a ba Fangio ya yi abin da ya yi ba, kuma wasan Rams ya isa shaida. Rabin da na riƙe shi ne wannan. A daren Niyu Olins akwai kocin tsaro a ɗaya ɓangaren, Steve Spagnuolo na Chiefs, wanda ya yi suna da tura ƙarin mutane, kuma shi ne a Fabrairun 2008 ya jagoranci tsaron Giants da ya kayar da Tom Brady sau biyar da su Michael Strahan da Justin Tuck da Osi Umenyiora. A wannan karon ya tattara ƙarfinsa kan Saquon Barkley, mai rugawa da ƙwallo na Eagles, ya kuwa tsayar da shi a yadi 57 cikin ɗauka 25, amma ya bar bayansa da mutum ɗai-ɗai, mai jifan Eagles Jalen Hurts ya jefa wa DeVonta Smith doguwar ƙwallo ta yadi 46 wadda ta kai ci 34 da nema. A daren Spagnuolo yana da Chris Jones da Trent McDuffie, ba za a ce ba shi da mutane ba. Yallaɓai, sai ka faɗa mana ko su ma rashin ƙarfi ne ya kayar da su, ko kuwa zaɓin da kocinsu ya yi.

Mai Gabatarwa: Tsohon Soja ya ce zai sake kallon wannan jifan ta Smith kafin ya amsa, don ya tabbatar da mutum nawa Chiefs ta bari a baya. Za mu ɗora daga nan gobe bayan sallar isha'i, in Allah ya kai mu.