Hajiya ta ce a sauke zanen falo, me zan rataya a gurbinsa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah shawara nake nema. Wata biyu ke nan da tarewarmu a Rijiyar Zaki. Bangon da ke bayan doguwar kujera ya kai mita huɗu, fari fat, kamar na asibiti. Maigida ya je kwas ƙasar Holan, ya zo mana da kwafin wani tsohon zane na wata yarinya mai ɗan kunnen lu'ulu'u, ta yi ɗauri shuɗi da ruwan ɗorawa, sai ka ce ɗaurin ɗankwalinmu. Ya ce wani Vermeer ne ya zana shi wajen 1665. Ni dai ya burge ni, na sa aka yi masa firam. Ranar Juma'a Hajiyarsa ta zo, ko mayafi ba ta cire ba ta ce, "Wannan 'yar wace ce take bin mutane da ido?" Sallar la'asar ma a ɗakin yara ta yi. Shi ya yi gum, ya bar ni da jangwam. Ina son tsohon zane mai daraja a falona, amma ba na son saɓani da Hajiya. Yaya zan yi?

Wata daga Gwale: Ki sauke kawai, 'yar'uwa. Wata biyu da tarewa ki fara da surukarki a kan 'yar Bature da ta mutu shekara ɗari uku?

Wani malamin Islamiyya: Malama, Hajiya ba son rai ta bi ba. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa mala'iku ba sa shiga gidan da akwai kare ko hoto. Haka kuma Nana A'isha ta taɓa rataya labule mai hotuna, Manzon Allah (SAW) ya ƙi shi, aka yanka aka yi matasai da shi. Malamai sun yi saɓani a kan hoton kyamara da wanda ba shi da inuwa, amma bishiya da kogi da dutse da gini, waɗannan ba wanda zai tsayar da ke a kansu.

Wata mai aikin kwalliyar gidaje: To ai Malam ya buɗe miki hanya. Turawan ma ba mutane kaɗai suka zana ba. Monet na Faransa ya shafe shekaru yana zana furen bado a kududdufin gidansa. Van Gogh yana da zanen dare mai taurari na 1889, shuɗi ne da ruwan ɗorawa, launin ɗaurin yarinyar nan taki sak, don haka labulenki ba zai canza ba. Manyan gidajen tarihi irin Rijksmuseum na Holan ɗin suna barin a sauke tsofaffin zanensu kyauta a intanet. Ki sauke mai nauyi, kar ki ɗauki na WhatsApp, zai dusashe in an faɗaɗa. Masu buga hoto sun iya bugawa a kan kyalle mai kauri.

Abin da nake yawan gani a gidajen Kano shi ne a kai zane can kusa da silin, sai mutum ya ɗaga wuya kamar mai neman wata. Tsakiyarsa ta kasance wajen mita ɗaya da rabi daga ƙasa. Faɗinsa kuma ya kai kashi biyu cikin uku na kujerar, in ba haka ba sai ya zama kamar tambarin wasiƙa a jikin bango. Ki sa gilashi saboda ƙurar hunturu, kuma kar ya fuskanci tagar yamma, ranar Kano ba ta barin launi.

Wata Hajiya daga cikin gari: Ikon Allah. 'Yata, ke da kike Kano kike neman tsohon zane a Holan? Ki je marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta. Ki zaɓi zane na shuni mai ɗauri, a kai mabuga su buge shi ya yi ƙyalli, kafinta ya ɗaure miki shi a katako. Mita huɗun nan zai cika. A Kurmi akwai faifai masu launi da ƙorai masu sassaƙa da tumtum na dukawa. Mu da aka yi mana jere, bangon ɗaki kaf kwanuka ne da tasoshi har sama, baƙuwa ta shigo ta tsaya tana ƙirgawa. Ki shiga Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa ki ɗaga kai ki ga bakan gizo na rufin soro da zanen bango, ki ga yadda magina suke juya dagi. In kuma maigidanki ya yi sauka, ki tambayi Hajiyarsa ina allon zayyanarsa. Na rantse yana cikin adakarta. Ranar da ta gan shi a rataye a falonki, kin gama da ita.

Wata daga Fagge: Allon dai kar a sa shi saman talabijin, ayoyi a sama, waƙa a ƙasa. Kuma Anti, ki taɓa bangon tukuna. Sabon gini yana jan danshi da damina, namu sai da bayan firam ya yi funfuna.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na tambayi maigida, ya ce allon yana nan, a Madabo ya yi sauka. Gobe zan je gaishe da Hajiya in roƙa. Zanen taurarin nan kuma zan sa a wajen cin abinci. Saura yarinyar, don shi fa har yanzu bai yarda a naɗe ta ba, wai zai kai ofis. Hajiya ta cikin gari, nawa ake sayar da zanen shunin yanzu, kuma wankewa ake yi kafin a ɗaure, ko zai zuba a bango?