Neman kalma: me za mu kira inda sha'awar mutum ta dosa?

1/ Jama'a, ku tayani. Wata ɗalibar nazarin halayyar ɗan Adam a nan Jos ta kawo mini takardar tambayoyi in mayar mata Hausa. Binciken kan wahalar zama da mutane ne: wanda ba ya iya cewa a'a, wanda bai yarda da kowa ba, wanda kullum yake janye jiki daga taro. Layin namiji ko mace bai ba ni wuya ba, "jinsi" ya wadatar. Na ƙasansa ne ya tsayar da ni: "sexual orientation".

2/ Wani ya ce in rubuta luwaɗi da maɗigo kawai. Ban yarda ba. Waɗannan sunayen aiki ne, kuma a bakinmu tuhuma ce. Tambayar kuwa kan abin da ke zuci take, ko da mutum bai taɓa aikata komai ba, kuma ta haɗa har da namijin da mace yake so. Ga shi tun 2014 Shugaba Jonathan ya sa hannu kan dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi. Wanda ya ga kalmar tuhuma a takarda zai ajiye biro, alhali ɓoye-ɓoye da tsoron tonon asiri na cikin abin da ke raba mutum da danginsa. Shi ake son a auna.

3/ "Ɗan daudu" ma bai shiga ba. Wannan maganar tafiya ce da lafazi da sana'a.

4/ Na so "karkatar sha'awa", sai wata malama ta tuna mini cewa kunnen Bahaushe "karkatacce" zai jiyo, hukunci ke nan tun kafin a amsa. Tana da gaskiya. Kalmar cuta ma ba ta dace ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire sha'awar jinsi ɗaya daga jerin cututtuka tun 1990.

5/ "Alƙiblar sha'awa" ta fi daɗin faɗa, muna cewa alƙiblar siyasa. Amma raina bai kwanta da in haɗa alƙibla da sha'awa a layi ɗaya ba, kuma na san dattawan unguwar Gangare ta nan Jos ba za su ji daɗi ba.

6/ Na tsaya a kan "mafuskantar sha'awa". Ba ta yabo, ba ta zagi. Ranar Litinin zan miƙa wa ɗalibar aikin. Mai wadda ta fi ta, ya kawo kafin nan.